Birnin Gidaje Goma: kundin aikina daga Janairu zuwa Mayu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Hazo ya lulluɓe Kaduna tun asuba, sanyi ya hana kowa fita, sai na shimfiɗa tabarma a zaure na zazzage kwalin takalmin nan da ɗan kawuna ya bar min da zai koma karatu. Katunan Magic: The Gathering ne. Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, 412, kuma fiye da rabinsu na wata duniya ce da ake kira Ravnica.

Ga wanda bai san su ba, ba karta ba ce. Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, shi ya ƙirƙiro wasan, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993. Mutum biyu ke karawa, kowa da katunansa 60 da ya tsinto da kansa, kowa da rai 20, wanda ya fara ƙarar da na abokin karawarsa ya ci. Kowane kati da hotonsa da sunansa da aikinsa, sannan a can ƙasa sau da yawa akwai layi ɗaya ko biyu na labari, wani ya yi magana ko an kwatanta wani lungu. Wannan layin na ƙasa shi ya kama ni. Shekara biyu ina karanta su kamar mai leƙen gidan mutane ta kafar ƙyaure.

Mu kuma abin da muke yi a nan Unguwar Rimi duk Asabar bayan la'asar daban ne. Wasan labari muke yi irin na Dungeons & Dragons, wanda ya fara fitowa a 1974. Ni ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda ya shiga rigarsa, ya faɗi abin da zai yi, idan abin mai haɗari ne a jefa dayis mai fuska 20 ya raba gardama. Mu shida ne: ni, ƙanwata, autanmu, abokina mai gyaran waya, telan layinmu, da abokina na makaranta da ke tasowa daga Barnawa.

Abin da na ƙudurta shi ne in rubuta ƙaramin littafi da Hausa, shafi 40 ko kusa, wanda zai ba mu damar shiga birnin nan na cikin kati mu zauna. Kamfanin Wizards of the Coast, wanda shi ke da wasannin biyu, ya riga ya yi nasa littafin da Turanci a 2018, na kuma karanta shi, aiki ne mai kyau. Amma da zarar labari ya ɗauki zafi a zaurenmu kowa Hausa yake komawa, kuma ba fassara nake son yi ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mako guda cur a kan kalma ɗaya. Ravnica birni ne da ya cinye duniyarsa gaba ɗaya, babu daji babu ƙauye sai gini a kan gini, kuma rukunai goma ke riƙe da shi ƙarƙashin wata tsohuwar yarjejeniya. Goman ba haka kawai ta faɗo ba: launi biyar ne a wasan, fari, shuɗi, baƙi, ja da kore, idan ka haɗa su bibbiyu goma za ka samu. Da katunan suka fito a 2005 da 2006, kowane haɗi aka ba shi suna da sana'a.

Na fara kiransu ƙungiyoyi. Da na karanta wa tela sai ya ce shi ƙungiyar direbobi ya gani a ransa, da rasit da shugaban tasha. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, “Malam, ai gidaje ne. Kamar yadda ake cewa gidan mahauta, gidan maƙera, gidan wanzamai. Kowane da sarkinsa.” Nan take na soke abin da na rubuta. Wanda ya san Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Aska ba ya buƙatar dogon bayani kan yadda sana'a ke zama sarauta, ta zama gado, ta zama dangi.

Yanzu haka suke a littafina: Azorius gidan shari'a da takarda, Boros gidan soja, Izzet masu famfo da tukunyar tururi da ƙere-ƙere, Simic masu magani, Golgari masu shara da noman ƙarƙashin ƙasa, Orzhov masu ba da bashi, Selesnya masu lambu da zaman gayya, Rakdos masu wasa da wuta a dandali, Gruul waɗanda birni ya cinye musu daji, sai Dimir da aka daɗe ana cewa ma babu su.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Abu biyu na gwada, duka ba su yi ba.

Na so in ɗauki lambobin da ke jikin kati in mayar da su ƙarfin halittu kai tsaye. A kati, soja na gama-gari 1/1 ne, wato dukansa ɗaya, juriyarsa ɗaya. Niv-Mizzet kuwa, dodon nan mai fukafukai da aman wuta da ya kafa gidan Izzet, a katinsa na farko 4/4 ne. Idan aka bi lamba zalla, sojoji huɗu sun isa su kayar da halittar da ta shekara dubbai tana mulki. A wasan kati wannan daidai ne, don an auna lambobin ne saboda karawa ta yi armashi cikin minti 20. A labari kuwa shirme ne. Na bar lambobin kati gaba ɗaya, hoto da layin ƙasa kawai nake ɗauka.

Na biyu shi ne mana, ƙarfin da ake biyan kuɗin kowane kati da shi. Na tara marafan kwalba na shafa musu fenti launi biyar, na ce duk wanda zai yi wani abin al'ajabi sai ya biya da su. Faɗa guda ɗaya ya ci mana minti 50, rabin lokacin ana lissafin marafai. Auta ya ce, “Yaya, ni na manta ma wa nake duka.” Littafin kamfanin ma bai shigo da wannan tsarin na mana ba, yanzu na gane dalili. Launukan dai ban yar da su ba, na mayar da su hali: fari mai son tsari da jama'a, shuɗi mai dogon nazari, baƙi mai buri, ja mai bin zuciya, kore mai riƙo da asali. Kowa ya zaɓi biyu ya rubuta a saman takardarsa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Jiya aka yi zama na farko a cikin birnin, kuma jiya aikin nan ya canza fuska.

Na kwana biyu ina shirya artabu tsakanin sojojin Boros da mayaƙan Gruul a kan wata gada. Na zana taswira, na jera katunan da zan ɗaga musu su ga fuskar abokan gaba. Na buɗe labari, na kwatanta hasumiyoyi da hayaƙi da cunkoso. Sai ƙanwata, wadda ta ɗauki 'yar gidan Golgari mai tsintar ƙarafa, ta ce, “Yaya, tun safe muke tafiya ba mu karya ba. Ina ake sayar da abinci a unguwar nan?”

Na duba katunan da ke gabana. Mayaƙa masu fukafukai, alƙalai, dodanni, 'yan leƙen asiri, masu sulke. A cikin 412 ban sami ko mai ƙosai ɗaya ba. Kati hoton lokacin faɗa ne, an ɗauke shi daidai sanda takobi ke sama. Wanda ya dafa wa mai takobin abinci da safe ba ya ciki.

Dole na ƙirƙiro mai shayi a take. Na sa shi a ƙarƙashin gadar, da teburinsa da benci biyu da gwangwanayen madara a jere, tukunyarsa baƙa ƙirin da hayaƙi. Suka zauna. Mai gyaran waya ya tambaye shi me ya sa shayin ya yi tsada, na ji bakina ya ce famfon Izzet ya kwana tara babu ruwa, sai na garuwa yake saye. Tela ya tambayi na wa ne teburin, na ce bashin Orzhov ne, kuma mutanen nan ko ka mutu ba sa yafewa, kurwarka za ta ci gaba da yi musu aiki har ka biya. Wannan ba ni na ƙirƙira ba, haka yake a katunansu. Abokina na Barnawa ya tambayi ina yaronsa, na ce sojoji sun kama shi jiya a wajen tarzoma. Awa ɗaya da rabi muka yi a teburin mai shayi, ba a zare takobi ko sau ɗaya ba, kuma da aka kira magariba ba wanda ya so tashi. Gidaje uku sun shigo labari ta bakin mutumin da ba ɗan kowane gida ba ne.

Na dawo daga masallaci na sake tsara littafin. Da na ware wa gidajen shafi 30. Yanzu kowane gida shafi biyu ya ishe shi, sauran na marasa gida ne: mai shayi, mai garuwa, dillaliya, ɗan dako, ungozoma, mai gadin maƙabarta.

Wani abu kuma. Muna tsakiyar wasa Baffa ya shigo, ya ga dayis a tabarma, fuskarsa ta canza. “Kai, caca kuke yi min a zaure?” Na ce, “Wallahi Baffa ko sisi ba a sawa.” Ya ja kujera ya zauna ya saurara har kusan minti 20, sannan ya ce, “To wa ya ci?” Na ce ba a ci, Baffa, tare ake tafiya. Ya ce, “Tatsuniya ce ke nan, da rana tsaka. Ku dai kada ku ɓata.” Tambayarsa tambaya ce ta gaskiya, kuma kowane gida za a yi ta. Shafin farko na littafin zai zama na iyaye, in bayyana musu da ladabi abin da ake yi da abin da ba a yi. Tela ma tun farko ba ya taɓa dayis saboda abin da ya ji a wajen malamansa, sai muka yanka takardu 20 muka rubuta lamba a kowace, yana zara daga cikin hula. Lissafin ɗaya ne muddin an mayar da takardar bayan an zara. Wannan hanyar ma za ta shiga littafin.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ranar Laraba na je tsohuwar Panteka, kasuwar masu ƙira da zubi, da littafin rubutuna, don na kasa rubuta gidan Izzet daga kati. Katunan walƙiya kawai suke nunawa da fashewa. Na tsaya wajen masu zubin tukwane. Wani dattijo ya danna tsohuwar tukunya cikin yashi mai danshi a akwatin katako, ya daddaka, ya raba akwatin biyu a hankali ya zare ta, siffarta ta zauna a yashin. Yaronsa na juya ƙafar keke yana hura wuta, gwangwanaye da guntayen alminiyam suna narkewa har suka koma kamar ruwan azurfa. Aka zuba ta wata 'yar kafa. Ba a jima ba aka fasa yashin, sabuwar tukunya ta fito tana tururi. Na ce, “Baba, kayan narkawar daga ina?” Ya nuna min wasu samari da buhuna a bakin rumfa, 'yan gwangwan, ana auna musu a sikeli.

A kati, Izzet da Golgari ba su haɗa launi ko ɗaya ba, in sun gamu sai faɗa. A birni kuwa maƙeri ba ya kwana biyu ba tare da mai tsintar ƙarfe ba. Gidaje goma, idan ka haɗa kowane da kowane, alaƙa 45 ce. Na ɗauki alkawarin rubuta layi ɗaya a kan kowace: wa ke sayen me a hannun wa, wa ke bin wa bashi, wa ya auri 'yar wa. Na yi 17.

Sai maganar Orzhov, wadda ta fi damuna. A hotunan katin, masu ba da bashin nan sanye suke da tufafin limaman wani addini, ofisoshinsu kuma wuraren ibada ne. Wanda ya zana su yana da abin da yake nufi a can inda yake. A nan Kaduna ne. Duk wanda ya girma a garin nan ya san abin da ya sa tun bayan 2000 mutane da yawa suka tattara suka koma wannan ƙetaren kogi ko wancan. Abokina yana hawa mota biyu duk Asabar ya haye gada ya zo zaurenmu, ba zan ɗaga masa kati in ce ga azzaluman labari cikin rigar da ta yi kama da ta wurin ibadarsa ba. Na same shi na faɗa masa damuwata. Ya ce, “Mutumina, bar musu bashin, ka cire musu rigar.” Haka na yi. Orzhov ɗinmu attajirai ne masu rumbunan ajiya da manyan littattafan bashi. Na kuma rubuta doka a shafi na biyu da manyan baƙaƙe: ba a ba kowane gida ƙabila, ko addini, ko sunan wata unguwa ta gaske.

Juma'a, 14 ga Maris

Azumi, mun dakatar da zama. Bayan tarawihi nakan rubuta layi biyu ko uku. Alaƙa 38 cikin 45. Na Selesnya da Dimir ta ƙi fitowa.

Asabar, 5 ga Afrilu

An sha ruwa lafiya, mun dawo. Na kawo musu babin da na fi alfahari da shi, babin fada.

A littafin kamfanin akwai maki da mutum ke tarawa idan ya yi wa gidansa aiki, matsayinsa na ƙaruwa a maki 3, 10, 25 da 50. Na riƙe lambobin don an auna su da kyau, amma na kira abin da sunan da muka san shi: samun fada. Mai 3 yaron gida ne, ana aikensa. Mai 10 ɗan gida ne, ana shawara da shi. Mai 25 na hannun dama ne, mai 50 wakilin sarki. Na ƙara abin da kowa a nan ya sani, cewa fada ba a fagen fama kaɗai ake samunta ba. Aka yi rasuwa a gidanku ba a gan ka wajen gaisuwa ba, ka rasa maki biyu. Ka yi wa yaron wani gida rana, ka sami ɗaya a can, wataƙila ka rasa ɗaya a naku.

Sun kuma tanadi cewa kowane ɗan wasa ya fara da sanayya uku: aboki a gidansa, abokin hamayya a gidansa, da wani a wani gidan. Na ƙara na huɗu, kuma wajibi ne: mutum ɗaya marar gida wanda kake jin nauyinsa. Auta ya zaɓi tsohuwar da ta shayar da shi. Tela ya zaɓi mai garuwan da ya taɓa ɓoye shi.

Wata dabara kuma na aro daga wani wasan kati, Legend of the Five Rings, wanda ya fito a 1995 aka yi masa wasan labari a 1997. Abin da ya shahara da shi shi ne sakamakon manyan gasanninsa yana shiga cikin labarin duniyar, zuriyar da 'yan wasanta suka yi nasara sai ta ɗaukaka. Na ce auta da mai gyaran waya su riƙa karawa da katunan a tsakiyar mako, kowa da gidansa, wanda ya ci, sai gidansa ya karɓe layi ɗaya a taswira. Ranar Alhamis Gruul suka ci Boros, saboda haka yau da aka buɗe labari gadar mai shayi tana hannun Gruul, an kafa shinge, ana karɓar kuɗin wucewa. Kowa ya ji daɗi. Amma na taƙaita shi zuwa sau ɗaya a wata, don in ya yawaita katunan za su riƙa yanke hukuncin da ya kamata mutanen labarin su yanke.

Asabar, 26 ga Afrilu

Iskar ruwan farko ta kayar da turakun wuta a layinmu, kwana uku babu lantarki. Kwamfuta ta mutu da shafi shida da ban adana ba. Na sake buga su daga littafin rubutu, sun ma fi na da gajarta.

Na zauna kan maganar haƙƙin mallaka. A Janairun 2023 kamfanin ya saki ginshiƙin dokokin Dungeons & Dragons ƙarƙashin lasisin Creative Commons, kowa na iya gini a kai in ya ambaci mai shi. Ravnica da sunayen gidajenta ba sa cikin abin da aka saki, nasu ne. Don haka littafin nan kyauta ne, ba za a sayar ba, kuma zan rubuta hakan a bango. Hotunan kati ma ba zan sa ba. Ƙanwata ke zana namu da biro baƙi. Ta gama mai shayi, ta sa masa tawul a kafaɗa da tabon ƙuna a bayan hannu.

Alaƙa 45 sun cika. Masu lambun Selesnya suna karɓar marayu, Dimir kuma a cikin marayun suke dasa 'yan rahotonsu.

Asabar, 10 ga Mayu

Na buga kwafi shida a wani shago kusa da Kaduna Poly, shafi 44, aka ɗaure da zoben roba. Yau aka yi gwajin da na fi tsoro: na miƙa wa ƙanwata littafin na ce ita za ta ja labari, ni kuma na ɗauki ɗan dako marar gida na koma cikin 'yan wasa. Na yi alkawarin ba zan buɗe baki in gyara mata komai ba.

Ta fara da ungozoma, wadda ni ban taɓa amfani da ita ba. An kira ta cikin dare gidan wani babba a Azorius, ta ga abin da bai kamata ta gani ba, da safe ta zo teburin mai shayi tana neman wanda zai fitar da ita daga unguwar. Duk daga shafi biyu ta haɗa wannan, na ungozoma da na alaƙar Azorius da Simic. Ina zaune ina jin birnin da na rubuta yana faɗa min abin da ban sani ba.

Sau uku ta tsaya tana juya shafuka. Na farko da sojoji suka biyo mu a guje ta cikin kasuwa, babu dokar tsere a littafin. Na biyu da tela ya tambayi kuɗin hayar amalanke. Na rubuta cewa kuɗin birnin zino ne da zib, zib 100 ke yin zino 1 kamar naira da kobo, amma ban sa farashin komai ba. Na uku da auta ya ce yana so ya bar gidan Boros, ta dube ni, na sunkuyar da kai, don ban taɓa tunanin abin da ke faruwa da wanda ya fita daga gidansa ba. Ta yanke hukunci da kanta: fadarsa ta zube, amma sanayyarsa huɗu suna nan, kuma abokin hamayyarsa ne zai fara zuwa nemansa.

Na rubuta hukuncinta yadda ta faɗe shi, zai zama shafi na 45. Kafin Asabar mai zuwa sai na yi dokar tsere da jerin farashi, daga kofin shayi zuwa hayar ɗaki. Abokina na Barnawa ya tafi da kwafi ɗaya, ya ce akwai yara huɗu a layinsu da yake so ya gwada da su ranar Lahadi da yamma, ya kuma roƙi in yanka masa takardu 20 irin na tela don ba shi da dayis.